Malam Dalhatu, Mai Yi wa Kwamfuta Aure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 5 ga watan Rabi'ul Awwal 1429, wadda ta yi daidai da 13 ga Maris 2008, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Dalhatu mai gyaran rediyo a gidansa da ke Kibiya, bayan 'yar gajeruwar jinya ta ciwon haƙarƙari. Ina zaune a bakin shagona a Rano ɗansa Isiyaku ya tsaya da babur, bai ko kashe shi ba, ya ce mini, "Alhaji, Baba ya cika." Aka yi masa sutura bayan azahar. Na ga jama'a daga Kahu, daga Durba, daga Fammar, wasu a kan keke, wasu a ƙasa, kuma da wuya a sami ɗaya a cikinsu da ba shi da wani abu a gida wanda hannun Malam ya taɓa: rediyo, ko tocila, ko agogon bango, ko bishiyar mangwaro.

Ni Alhaji Amiru Yalwa ne ke wannan rubutu. Karatuna na boko a aji uku na sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Ban gaji gona ba, ban gaji ko jaki ba. Daga karen mota na fara, na zama direba, na mallaki akori-kura tawa ta kaina, ina kwasar hatsi daga ƙauyukanmu zuwa Dawanau, har Allah ya nufe ni da buɗe shagon buga takardu da kwamfuta a Rano, a lokacin da da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa ganin ta ba sai ta bayan kantar banki. Duk wanda ya tashi haka, akwai abu ɗaya da yake yi masa nauyi a baki, shi ne ya ce wa wani a taimake shi. Malam, kai ka san wannan hali nawa fiye da kowa. Ba ka taɓa neman ka sauya ni ba. Hanyar zagaye kawai kake nema, ka iso inda nake ba tare da ka taka mini inuwa ba. Wannan nake so in faɗa wa duniya a kanka.

Farkon saninmu, rediyon motata ce ta ɗauke, aka ce mini in kai wa wani malami a Kibiya wanda ba shi da shago. Na same ka a lambunka, a bayan gari, kana zaune a kan buzu a gindin mangwaro, ga 'yar kasko da garwashi, ga ƙarfen dalma a ciki yana ja. Rediyoyin mutane ne rataye a rassan bishiya kamar 'ya'yanta, kowace da tashar da take kamawa, wannan tana karatu, waccan tana labaru, wata tana shuu kawai kamar ruwan sama daga nesa. Na ce maka sauri nake yi, lodi yana jirana. Ka ɗago kai ka dube ni, ka ce, "Sarkin Gaggawa, zauna ka sha inuwa. Buhun masara ba ya gudu." Tun daga ranar sunan ya bi ni, kuma kai kaɗai na yarje wa ya kira ni da shi.

A nan na gane sana'arka biyu ce. Kana gyaran rediyo, kana kuma yi wa mangwaro aure. Ka samo reshen mai zaƙi, ka tsaga jikin ɗan ƙwallon da ya tsiro a juji, ka haɗa su, ka ɗaure da tsinken leda, ka juya baya ka bar su. Ka ce mini sirrin aure uku ne: a duba dangi, a haɗa da tsabta, a ba su lokaci su saba. Da zan tafi ka sa mini dashe ɗaya a bayan mota. Yau bishiyar tana tsakar gidana, ta fi soro tsawo.

Da na sayo kwamfutar a shekarar zaɓen 2003, kana cikin waɗanda suka fara zuwa ganin ta. Ta hannu ce, wadda aka riga aka yi aiki da ita, fara, mai ƙaton gilashi kamar talabijin, da akwatinta a tsaye a gefe. Na ɗora Sadiya a kanta, matar ƙanena Jabiru da Allah ya yi wa rasuwa a shekarar da ta gabata, ya bar ta da marayu. Ta yi sakandare har ta gama, hannunta kuma da sauri. Lokacin ana tsakiyar zancen Shari'a, sai na raba shagon da labule, na fitar wa mata ƙofarsu daban. Nan da nan matan gari suka gane akwai inda za su kai katin biki da takardar asibiti ba tare da sun tsaya gaban namiji ba. Da wannan aiki Sadiya take ciyar da 'ya'yanta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, har ni.

Ranar da ka zo, Sadiya ta kunna maka ita. Hoton wani tudu ya fito, kore shar, ga sararin sama shuɗi da 'yan gizagizai. Ka daɗe kana kallo, hannunka a haɓa. Can ka ce, "Ikon Allah. Alhaji, wannan gonar wa ce, da aka bar ta haka ba shuka? Ko gyaɗa ai ta yi." Sadiya ta ce, "Baba, ai a cikin haddis ɗin take," wato ma'ajiyar da kwamfuta ke adana komai. Ka ce, "Au, har da hadisi a cikinta? To, ashe Musulma ce, ku riƙa rufe ta idan za ku fita." Muka yi ta dariya. Amma kafin ka tafi sai da ka sa na buɗe maka murfin akwatin, ka leƙa, ka daɗe kana leƙawa, ba ka taɓa komai ba. Daga nan duk sanda ka shigo Rano sai ka biyo, ka hure mata ƙura da famfon keke, ka tambayi Sadiya sunan wannan da aikin wancan.

Shekara biyar tana yi mana bauta. Ta buga fastar 'yan takara, wanda ya ci da wanda ya faɗi, ta buga katin suna da na ɗaurin aure, kuma kowane ƙarshen zango shugabannin makarantu suna kawo mana tambayoyin jarrabawa. Wannan aikin jarrabawa shi ne daminar shagon. Idan ya wuce mu, shekara ta wuce mu.

Kowa ya san yadda daminar bara ta kasance. Ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Abin da na zuba a hatsi bai dawo ba, akori-kura ta bar hannuna. Ban faɗa wa kowa ba, na ci gaba da sa babbar riga ina gaisawa da mutane kamar da. Ana cikin haka, wata safiya a watan Fabrairu aka dawo da wuta da ƙarfi, muka ji wani ɗan ƙauri, gilashi ya yi baƙi. Aka danna, aka sake dannawa, shiru.

Na kira wani injiniya daga Kano, mutumin kirki, ya duba ya gaya mini gaskiya. Ya ce madabod ce ta ƙone, wato babban faifan nan da ke kwance a cikin akwatin, wanda duk sauran kayan ke maƙale a jikinsa. Mu uwa muke ce mata. Ya ce ƙwaƙwalwar da haddis ɗin lafiyarsu ƙalau, amma an daina yin irin wannan uwa, sababbin da ke kasuwa kuma ba za su karɓi tsofaffin kayan ba. Idan na sayi sabuwar uwa, sai na sauya kusan komai. Shawararsa ita ce in haƙura in sayi wata kwamfutar. Na yi masa godiya, na ce zan duba. Ni kaɗai na san ba abin da zan duba. Jarrabawa na matsowa, shaguna biyu sun buɗe a gari da sababbin injuna, kuma idan makarantu suka juya can sau ɗaya, sun tafi ke nan. Abin da ke gabana shi ne in rufe shago, in dubi idon Sadiya in ce mata ta koma gida ta jira abin da dangi za su aiko.

Ita kuwa kullum sai ta zo, ta share, ta goge gilashin da ba ya nuna komai, ta zauna.

Ban aika maka ba, Malam. Ban san wanda ya gaya maka ba, har yau. Sai ga ka ranar kasuwa, da 'yar jakarka ta fata a rataye. Ka gaishe ni, ka tambayi iyali, ka tambayi mangwarona ko ya yi fure, duk ba ka dubi wajen kwamfutar ba. Sai da ka miƙe za ka tafi sannan ka juyo kamar wanda ya tuna wani abu, ka ce, "Af, Sarkin Gaggawa, wata alfarma na zo nema, kunya ta hana ni. An ce uwar injinka ta rasu. Ka san tsufa ya zo mini ban taɓa yin karatu a kan cikin kwamfuta ba, masu rai ba a ba ni su. Ka ara mini gawar nan in yi nazari. In na ƙara lalata ta, ai gawa ba ta mutuwa sau biyu."

Na ce, "Malam, ai wannan ba wani abu ba ne. Ɗauki."

Ka ce, "Allah ya saka da alheri. Ka taimaki almajirin ilimi."

Ka ga yadda ka yi? Ka shigo shagon mutumin da ruwa ya kai wa wuya, ka fita ka bar shi yana jin shi ne ya yi kyauta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon Isiyaku ya ɗaure akwatin a bayan babur, kana riƙe da shi ta baya kamar mai rakiyar marar lafiya. Na gane abin da ka yi, kai ma ka san na gane.

Labarin tafiyarka Kano, kai da kanka ka ba ni shi daga baya. Ka kwance uwar da ta ƙone, ka naɗe ta a cikin tsohon rawani, ka hau motar Kano. Ka ce shago-shago ka riƙa bi a Sabon Gari, kana warware rawanin kana tambaya, "Don Allah ko kuna da 'yar uwar wannan? Uwa ɗaya uba ɗaya nake nema." Wasu su yi dariya su ce, "Baba, wannan ai kakar kwamfuta ce." Ka ce musu, "To ku nuna mini inda tsofaffi ke zama." Har ka faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai haƙuri, ya zaunar da kai, ya nuna maka lambar da ke rubuce a jikin faifan, ya nuna maka gurbin da ƙwaƙwalwa ke zama, ya ce sai ramukan sun zo ɗaya da ƙafafunta, in ba haka ba ko an tura ba za ta shiga ba. Ka ce ka ji daɗin wannan karatu ƙwarai, don daidai yake da na lambu: ba a yi wa mangwaro aure da lemo. Shi ne ya kwatanta maka wajen 'yan gwangwan, masu sayen tarkacen ofisoshi a kan sikeli.

A can ka wuni kana tona tsibi, rana na dukan ka. Da ka ba ni labarin kana dariya kake cewa ka ga makabartar kwamfuta, manya da ƙanana, waɗanda a da sai an cire takalmi ake shiga ɗakinsu. Wajen la'asar ka same ta, lamba ɗaya, kama ɗaya da tawa. Ita ma ba lafiyayya ba ce, shi ya sa aka yar da ita. Amma ciwonta daban da na tawa, kuma ciwo ne da ka sani tun zamanin rediyo mai fitila. Aka auna maka ita kamar tsohuwar tukunya. Da na tambaye ka abin da ka kashe, ka ce, "Kuɗin makaranta ne, ɗalibi ke biyan kayansa."

Na je lambunka ranar wata Asabar da rana tsaka, wai na zo gaisuwa. Zafin bazara ya fara, mangwaro ya ɗauki 'ya'ya, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ka jera uwayen biyu gefe da gefe, tawa da ta ƙone da wadda ka samo. Ka ce in matso.

Ka ce, "Ka taɓa hawa dutse a Rano ka leƙo gari da sassafe? To dubi nan. Ga tituna, ga lunguna. Nan fada ce, inda ƙwaƙwalwa ke zama. Waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaitsaye kuwa rumbuna ne, a nan ake tara wuta a riƙa ba gari kaɗan-kaɗan. Taka, gobara ce ta ci unguwa guda, ba ta gyaruwa, amma rumbunanta na nan lafiya. Wannan kuwa garinta lafiya lau, rumbunan ne suka sha ruwa suka kumbura. Ka ga kansu ya tashi? To za mu kwashe rumbunan taka mu kafa a garin wannan. In ya so sai mu ɗauko marayun, ƙwaƙwalwa da haddis da sauransu, mu kai su riƙo wajen gwaggonsu."

Na jingina da gindin bishiya ina kallon ka. Kana ɗaukar ƙarfe daga garwashi, ka goge shi a tsumma, ka taɓa dalma, wani siririn hayaƙi ya tashi ya bi ta cikin ganye. Hannunka na rawa idan kana shan ruwa, na sha gani, amma idan ka riƙe wannan ƙarfe sai ya tsaya cak. Rediyoyin da ke rataye suna ta ƙus-ƙus a samanmu. Ban san sanda barci ya sace ni ba. Sai na gan ni ina tafiya a cikin garin nan da ka nuna mini, titunansa na jan ƙarfe suna sheƙi, ƙasa kore, ba ƙura, ba kowa a waje. Ina wuce rumbu bayan rumbu, kowane da hularsa ta azurfa. Can daga nesa na hango ka da farar riga kana bi gida-gida kana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, duk gidan da ka taɓa sai fitila ta kama a ciki. Na yi ta kiran ka, ba ka waiwayo ba, kuma ban ji haushi ba, don na ga aiki kake yi. Da na farka inuwa ta juya, ka lulluɓa mini mayafinka a ƙafa saboda ƙudaje, kana nan a sunkuye.

Na ce, "Malam, yaushe za a kunna?"

Ka ce, "Ka ji shi. Ko lalle ba a sa wa amarya ba, yana tambayar ranar suna."

Wannan ce maganar ƙarshe da na ji daga bakinka kana zaune da ƙarfinka. A makon da ya biyo tari ya kama ka, ya sauka a haƙarƙari. Na zo duba ka sau biyu. Na farko kana barci. Na biyu ka buɗe ido ka kama hannuna, ka motsa baki, na sunkuya, sai na ji kana tambaya ko makarantu sun fara kawo aiki. Na ce tukuna. Ka lumshe ido.

Bayan an dawo daga makabarta, ina zaune a cikin masu karɓar gaisuwa, Isiyaku ya ce mahaifiyarsa Inna Jumai tana son magana da ni. Na tsaya a zaure, tana daga bayan ƙofa. Ta ce, "Alhaji, ga amanarka nan. Ya gama ta kwana biyu kafin ya kwanta, har ya sa aka shigo masa da ita ɗaka." Isiyaku ya fito da akwatin. An goge shi tas, an mayar da murfi, sannan an ɗaure shi ta tsakiya da tsinken leda, irin ɗaurin da kake yi wa reshen mangwaro, ƙulli ɗaya da ɗan wutsiya. Inna Jumai ta ce, "Ya ce a gaya maka bai gwada ta ba, don gilashin yana wajenka. Ya ce sabon aure ne, kada Sarkin Gaggawa ya kwance da wuri, a bar su su saba. Ya so a ce da hannunsa zai kunna." Na ce mata Allah ya ba da haƙuri.

Na san ƙarfe ba reshe ba ne. Ban yi dogon karatu ba, amma na san dalma idan ta huce ta huce, ba wani sabo da take jira. Kai ma na tabbata ka sani. Duk da haka na kai ta shago na ajiye a mazauninta, na ce ba mai taɓa wannan ƙulli sai an yi addu'ar bakwai. A cikin kwanakin nan shugaban wata firamare ya zo da tambayoyin jarrabawa a cikin ambulan, ya ce, "Alhaji, an ce injinku ya mutu, in wuce gaba ne?" Na ce masa kwamfutar na nan, biki ake yi mata, ya ba ni zuwa Alhamis. Ya dube ni, ya dubi akwatin da ke ɗaure da leda, ya ce, "Aikin Malam Dalhatu ne?" Na ce shi ne. Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur ya fita.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan sun yi mini tsawo. Idan ba ta tashi ba, ba ni da wata dabara a bayanta, kuma ba wanda zan koma wa in ce ga abin da ya faru. Na lura Sadiya ta daina goge gilashin, akwatin take gogewa, tana zagaye ƙullin da tsumma.

Ranar Alhamis muka dawo daga addu'a da hantsi. Ban yarda da wutar gari ba, na tayar da ɗan janareta. Sadiya ta haɗa wayoyi. Na yi bismilla na ja wutsiyar ledar, ƙullin ya warware da kansa. Na ce mata ta danna. Ta ce, "Yaya, kai dai." Na ce, "Ke ce mai ɗaki." Ta danna.

Fanka ta juya. Muka ji ƙara ɗaya, ɗan siriri, kamar kukan ɗan tsako. Rubutu fari ya gudana a kan baƙin gilashi, ya tsaya, Sadiya ta taɓa wani maɓalli, ya ci gaba. Sai ga komai ya dawo, aikinmu na shekara biyar, kowane a inda muka bar shi. Na zauna a kan benci. Ina jin Sadiya tana ta hamdala a hankali.

Can sai ta matso da fuskarta kusa da gilashin. Ta ce, "Yaya, zo ka ga kwanan wata."

Na matsa. A ƙasan gilashin, inda agogo yake, kwamfutar ta rubuta 1 ga Janairu, 2001. Sadiya ta ce akwai ɗan batiri kamar kwabo a jikin uwar, shi ke riƙe mata lissafin kwanaki, na wannan ya mutu tun tana kan juji, shi ya sa ta koma ranar da aka ƙera ta. Ta ce gyaran ba wuya, yanzu za ta daidaita, gobe a sayo batiri. Ta kai hannu, sai hannun ya tsaya a sama.

Ban tambaye ta dalili ba, don abin da ya tsayar da ita shi ya tsayar da ni. A cikin wannan akwati, yau farkon shekarar 2001 ce. Ba a yi fari ba. Ina kan hanyar Dawanau da lodi. Jabiru yana gida, bai ko fara ciwo ba. Kai kuma, Malam, kana gindin mangwaro da sauran baƙin gashi a gemunka, ƙarfenka na cikin wuta, ba ka taɓa ganin cikin kwamfuta ba. Duk garin Rano, wannan ɗan lungu na gilashi ne kaɗai labarin rasuwarka bai kai ba.

Ta ce, "Yaya, in gyara?"

Na ce, "Bar ta ta kai la'asar."

Muka zauna, ita a bayan labule, ni a kan benci, fanka na juyawa. Da aka kira sallah na tafi masallaci. Kafin in dawo ta mayar da mu shekararmu, ta buɗe ambulan, na tarar tana buga lissafin 'yan aji huɗu, yatsunta na gudu kamar ba su taɓa tsayawa ba. Shago bai rufe ba, Malam. Marayun Jabiru za su ci daga hannun uwarsu.

Ya Allah, ga bawanka Dalhatu ya zo maka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ya rufa asirin wanda bai roƙe shi ba, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ya nemi abin da aka yar ya mayar da shi mai amfani, kada ka yar da ko ƙwayar zarra ta aikinsa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka haskaka shi, ka sa duk wanda ya sha inuwa ko ya ci ɗan itacen da ya dasa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka tashe shi cikin ceton Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Jumai, da Isiyaku da 'yan uwansa maza da mata, da jikoki, da dukkan jama'ar Kibiya da Rano da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda yanzu za su rasa inda za su rataye rediyonsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa ta same mu da aikinmu a gama, a ɗaure. Amin.

Alhaji Amiru Yalwa
Rano, Jihar Kano